Daga Ina Zinariya Da Kuza Suke Fitowa?

Gaisuwa ta musamman ga ɗaliban yaƙi da jahilci na Gidan Rumji da Tibiri.

Samarinmu da yawa suna barin gona su tafi haƙar zinariya. To, yau bari mu ga yadda ma'adinai suke samuwa.

Ƙasar da muke takawa ɓawo ce, kaurinta ya kai kilomita 30 zuwa 40. Can ƙarƙashi, a wasu wurare, zafi yakan narkar da dutse ya zama kamar kunu. Ruwa yana tafasa a digiri 100, amma zafin narkakken dutse ya wuce digiri 700.

Wannan kunun dutse yakan taso sama. Idan ya tsaya a cikin ɓawon ƙasa, sai ya huce sannu a hankali, shekaru dubbai, ya daskare. Yayin da yake daskarewa, yakan fitar da ruwa mai tsananin zafi. Ruwan yana ɗauke da ƙarafa narke a cikinsa, kamar kanwa a tukunya. Sai ya bi tsagar duwatsu. Inda ya huce, nan yake ajiye kayansa tare da farin dutse. Shi ne jijiyar da mahaƙa suke bi.

Ku riƙe abu uku: irin narkakken dutsen, da zurfin da ya tsaya, da tsagar da ruwan ya samu. Sai sun dace ake samun ma'adini mai yawa. Haka aka samu kuza a Elmiki cikin duwatsun Abzin, da Riruwai a ƙasar Kano, da Jos.

A nan Gidan Rumji, yashi da laka masu kauri sun binne tsohon dutsen. Amma a kudu, wajen Ɗan Isa, yana kusa da sama. Shi ya sa aka ga zinariya can.

Sai dai a kula. A watan Nuwamba na 2021 rami ya rufta a Garin Liman, kusa da Ɗan Isa, mutum 18 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Kada ka sayar da gonarka don jita-jita. Ba kowane farin dutse ke da zinariya ba.

Yanzu kowa ya ɗauki allonsa ya rubuta: kuza, zinariya, dutse. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.