Ramukan Haƙar Tsakuwa Da Halakar Kifayen Kogi

 Ya 'yan'uwa, jawabinmu na yau ya shafi wata ɓarna da mutane ba su cika lura da ita ba, wato haƙa manyan ramuka a fadamar kogi domin ɗibar tsakuwa da yashi.

Bari mu ɗauki misali daga jihar Washinton ta Amurka, inda reshen gabas na kogin Lewis yake. Akwai kifin salmon a cikinsa, wanda ake ƙyanƙyashe shi a tsakanin tsakuwar kogi mai ruwan sanyi, ya gangara teku ya girma, sa'an nan ya komo kogin da ya fito domin ya zuba ƙwai. An daɗe ana haƙar tsakuwa a wannan fadama, har ramukan suka zama tafkuna. A shekarar 1996 kogin ya cika ya fasa gaɓarsa, ya bar tsohuwar hanyarsa ya bi ta cikin ramukan da ake kira na Ridgefield.

To, mene ne illar wannan? Na farko, ruwan da ya faɗa rami gudunsa yakan mutu, rana ta ɗumama shi, alhali kuwa salmon ba ya jure ɗumi. Na biyu, tsakuwar da kogi ke ɗaukowa sai ta nutse a ramin, a rasa ta a wuraren zuba ƙwai da ke gaba. Na uku, kifaye masu cin 'yan'uwansu sukan yi sansani a ruwan da ke kwance, su riƙa haɗiye ƙananan da ke kan hanyar teku. Wannan ya ƙara wa borno dawaki, domin madatsun ruwa da saran daji sun riga sun rage kifin, har a 1999 da 2005 gwamnatin Amurka ta sanya wasu nau'o'insa na yankin cikin jerin halittun da ake tsoron ƙarewarsu, bisa dokar 1973.

Maganin a bayyane yake. Kada a haƙa rami kusa da gaɓa, kada zurfinsa ya wuce na kogin, kuma a karɓi kuɗin ajiya daga mai haƙa tun kafin ya fara, domin a cike ramin in ya gama.

Ya 'yan'uwa, mu ma tifofi na ɗibar yashi a fadamunmu, kuma a can ne kifayenmu da yawa ke hayayyafa idan ruwa ya malala da damina. Lalle neman halal ba ya halatta wa mutum ya toshe abincin masunta da na zuriyar da ke tafe. Wajibi ne hukumomi da masu unguwanni da malamai su tsawata tun kafin gyara ya gagara.

Allah Ya sa mu dace.