Haƙƙin Hanya a Gaban Jar Wuta

Ya ku ƴan'uwa masu saurare, karatunmu na yau a kan masu tuƙi ne.

Wani zai ce mu mutanen Dakoro ina ruwanmu da wutar hanya. To, direbobinmu da ƴaƴanmu masu kabu-kabu kullum suna bin hanyar Kornaka zuwa Maradi, can kuwa akwai mararrabar da jar wuta ke tsayar da mutum. Tsayuwar ba ta da tsawo, amma da yawa ba su iya jure ta. Ƙafa na kan birki, ido ya koma kan salula. Kore ta kama, bai sani ba, sai na baya ya danna masa oda. Ya zabura ya taka mota ba tare da ya dubi gabansa ba, alhali wata tsohuwa ko wani almajiri bai gama tsallakawa ba. Abin ya fi muni gab da magariba, sa'ad da yunwa ta rage haƙuri, kowa yana sauri ya sha ruwa a gida.

Malamanmu na mazhabar Maliku sun yi maganar wannan tun babu mota. A cikin Risala, Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya ɗora lamunin abin da dabba ta taka a kan wanda ke kora ta, ko yake jan ta, ko yake bisanta. Ya keɓe abin da ta aikata don kanta ba da sababinsu ba, domin dabba tana da rai, tana iya harbi ba a sa ta ba. Mota fa? Ƙarfe ce. Ba ta motsawa sai ka saki birki, saboda haka a ganina wannan uzuri bai kai ga direban da ya shagala ba.

In rai ya salwanta, hukuncin kisan kuskure yana cikin Suratun Nisa'i, aya ta 92: diyya ga magada, da kaffara. Malamai sun ƙaddara diyyar da raƙuma 100, ko dinari 1000 ga ma'abuta zinariya. Kaffara kuwa ƴanta baiwa ko bawa mumini ce, wanda bai samu ba ya yi azumin wata 2 a jere. Kai da kwana 30 ke ba ka wuya har kake zagin na gabanka, ka auna wannan. Kuma ko kamfanin inshora ya biya kuɗi, ba zai ɗauke maka azumin ba.

Hadisin Abu Sa'idil Khudri, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, ya sanya kame cuta daga mutane cikin haƙƙoƙin hanya. An faɗa wa masu zama a gefenta ne, balle mai tafiya a tsakiyarta da injin. Wanda ya ce Alƙur'ani yake dubawa a wayar, mu ce masa madalla da niyya, amma ya raɓe gefe ya kashe mota tukuna. Wanda kiran salla ya riske shi a hanya, dabino guda a aljihu ya ishe shi buɗa baki.

Gobe, in Allah ya kai mu, za mu shiga hukuncin azumin matafiyi.