Na'urar da ke Karanta wa Makaho Wasiƙarsa



Da kwamitin shirye-shirye ya aiko mini da takardar gayyata, an bar mini zaɓin abin da zan yi magana a kai, muddin dai ya shafi ilimi. Na san da yawa sun zaci zan maimaita kukan da na saba yi game da rufin azuzuwa da ƙarancin malamai. Wannan kukan yana nan, ban janye shi ba. Amma bana ina son in rage wani bashi ne da ya daɗe a wuyana.

Sama da shekara talatin da suka wuce, ina malamin aji huɗu a wata makarantar ƙauye, akwai wani yaro a layin gaba da ya fi kowa saurin lissafin ka. Da bazara ƙyanda ta shigo garin. Yaron ya tashi daga ciwon, amma idanunsa suka tafi. Bayan 'yan makonni mahaifinsa ya riƙo hannunsa har ƙofar aji, ya ce da ni, “Malam, ga ɗanka, yaya za a yi?” Na ce a koma da shi gida tukuna, zan yi shawara. Ban yi shawara da kowa ba, domin ban san wanda zan tambaya ba. A kwalejin horon malamai an koya mana tsara darasi da cika rajista da riƙon aji, amma ban tuna an taɓa yi mana darasi ko ɗaya a kan yaron da ba ya ganin allo ba. A ƙarshen zango da hannuna na ja layi a kan sunansa. Bayan shekaru na gan shi a tashar mota da ƙoƙo a hannu, wani ƙaramin yaro yana riƙe da bakin sandarsa. Shi ma ɗan jagoran, a wannan sa'ar, aji ya kamata ya kasance. Yara biyu ke nan aka rasa da layi ɗaya.

Abin takaicin shi ne, hanya tana nan tun a lokacin. An buɗe makarantar makafi ta Gindiri, a Jihar Filato ta yanzu, tun 1953. Rubutun da ake koyarwa a can kuwa ya fi haka daɗewa. Louis Braille, ɗan wani baduku ne a ƙasar Faransa, an haife shi a 1809, ya tsokane idonsa da basillar mahaifinsa yana ɗan shekara uku, daga baya ya makance gaba ɗaya. Yana ɗan shekara 15 ya tsara rubutun da ake shafawa da yatsa, aka buga bayaninsa a 1829. Ɗigo shida ne kacal masu tudu, uku a hagu uku a dama, daga cikinsu ake fitar da alamomi 63. Mai rubuta shi da tsinke yana farawa daga dama kamar mai rubutun ajami, sa'annan ya juya takardar ya karanta daga hagu. Har gobe wannan rubutu shi ne tushen ilimin yaro makaho, domin da shi yake sanin yadda ake harhaɗa baƙaƙen kalma. Sai dai yana da tsada da nauyi. Littafin da ɗalibi mai gani zai sa a aljihun jakarsa, in an mai da shi rubutun makafi sai ya zama kundi da yawa. Kuma mai gani ba ya iya karanta shi. Saboda haka ko makahon da ya yi karatu, in wasiƙa ta zo masa, sai ya nemi aron idon wani.

A nan nake son mu tsaya kaɗan, don nan ne ciwon yake. Mu mun ɗauka matsalar makaho ita ce hanya, kada ya faɗa rami. Amma ku tambaye su, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Hanya suna iyawa da ita fiye da yadda muke zato. Abin da ya fi cin ransu shi ne rashin sirri. Takardar asibiti, sai wani ya karanta. Saƙon matarsa, sai wani ya ji. Takardun kuɗinmu na ɗari da ɗari biyu da ɗari biyar da dubu duk girmansu ɗaya, in sun tsufa hannu ba ya bambance su. Lokacin da kuɗi suka yi wuya a farkon 2023, kowa ya koma tura kuɗi ta waya da zuwa wurin mai POS, makafi nawa ne suka faɗa wa wani lambar sirrinsu a bainar jama'a don babu yadda za su yi? Dattijo mai 'ya'ya da jikoki, amma ba shi da abin da zai ɓoye wa yaron da ke jansa. Wanda bai ɗanɗana wannan ba ba zai san ɗacinsa ba.

To, wannan ƙofa ce ilimin na'ura mai ƙwaƙwalwa ya buɗe. Akwai manhajar da aikinta shi ne ta furta da murya duk abin da ke rubuce a fuskar kwamfuta ko waya. Wani Ba'amurke mai suna Ted Henter, wanda ya rasa idanunsa a haɗarin mota a 1978, shi ya jagoranci ƙirƙiro wadda ake kira JAWS, ta fito don Windows a 1995. Tana da kyau, amma sayar da ita ake yi da tsada. Sai a 2006 wani saurayi makaho ɗan ƙasar Ostireliya, Michael Curran, ya fara rubuta wata mai suna NVDA, abokinsa James Teh, shi ma makaho, ya kama masa. Suka bayar da ita kyauta ga duk duniya, kuma har yau kyauta ce. Ana iya ɗaukarta a filashi a sa a aljihu, a soka a kowace kwamfuta mai Windows ta fara magana. Ku lura, jama'a, makafi ne suka yi wa kansu wannan aiki. A 2009 kamfanin Apple ya sa irin wannan murya, mai suna VoiceOver, a cikin wayar iPhone, a shekarar kuma TalkBack ta fito a wayoyin Android. Ke nan wayoyin shafawa da ke aljihun yawancinmu a zauren nan suna ɗauke da ita, ba mu dai taɓa kunna ta ba.

Ni kaina ban yarda ba sai da na shaida. Bara wani saurayi makaho ɗan garin nan, wanda ke karatu a babbar makaranta, ya zo gaishe ni. Muna zaune saƙo ya shigo wayarsa. Ya ɗora yatsa a kan gilashin, murya ta faɗa masa abin da ya taɓa. Ya shafa zuwa dama, ta wuce abu na gaba. Ya ƙwanƙwasa sau biyu, saƙon ya buɗe. Ya sa muryar tana gudu da saurin da ni ban kama ko kalma ɗaya ba, shi kuwa har ya mai da amsa. Na miƙa masa kwalin maganin da nake sha, ya haska shi da kyamarar wayar, ta karanta masa sunan maganin da ranar lalacewarsa, ranar da ni mai ido sai na sa tabarau nake ganinta. Ya kuma nuna mini wata manhaja, Be My Eyes, wadda wani mutumin Denmak mai raunin gani ya fito da ita a 2015, tana haɗa makaho da ɗan sa kai ta bidiyo ya duba masa abu na ɗan lokaci. Hausawa na cewa gani ya kori ji. Ran nan a zaurena ji ne ya yi aikin gani, kuma ɗalibin ne ya zama malamin hedimasta.

Kada in yi muku romon baka, akwai cikas, kuma shi da kansa ya lissafa mini. Babba shi ne harshe. Muryoyin da ke zuwa a cikin wayoyin da muke saye sun iya Turanci da Larabci da Faransanci, amma in ka ba su Hausa sai su karanta ta da lafazin Bature, baƙaƙenmu masu lanƙwasa kuwa, wato ɓ da ɗ da ƙ, su yi ta tuntuɓe a kansu. Ɗaliban sun saba, suna gane abin da ake nufi kamar yadda uwa ke gane gwarancin ɗanta. Amma makahon da bai shiga boko ba, umarnin wayar kansa da Turanci yake zuwa masa. Akwai wani shiri na ƙungiyar Mozilla mai suna Common Voice da ke tara muryoyin masu sa kai don koya wa na'urori harsuna, kuma Hausa na ciki. Samarinmu da ke kwana a kan waya za su iya ba da nasu gudummawar a can. Sai kuma tsadar waya, da kuɗin data, da rashin wuta, waɗanda ba sai na yi muku bayaninsu ba.

Wani cikas ɗin kuma mu ne muke yin sa da hannunmu, har da wannan ƙungiya. Sanarwar taron nan da muke ciki, hoto aka zana mai kyau da launuka aka tura a WhatsApp. Wayar makaho in ta iso kansa abin da za ta ce masa shi ne “hoto”, sai ya sake neman wata dabara kafin ya san abin da ke ciki. Sanarwar ɗaurin aure haka, ta rasuwa haka, ta neman aiki haka. Maganin bai kai taro ba, bai kai sisi ba. Duk wanda ya tura hoto, ya rubuta abin da ke cikinsa a ƙasa da rubutun waya, ko ya faɗe shi da saƙon murya. Ina roƙon sakatare ya mai da wannan ƙa'idar ƙungiya daga yau.

Ta fuskar hukuma an yi motsi. Nijeriya ta amince a 2017 da Yarjejeniyar Marakesh ta 2013, wadda ta ba da damar mai da littattafai zuwa sigar da makafi za su iya karantawa ba tare da tarnaƙin haƙƙin mallaka ba. A shekarar ne kuma hukumar JAMB ta kafa kwamiti na musamman mai shirya wa makafi jarrabawarsu a wasu cibiyoyi, ciki har da Kano. A watan Janairun 2019 aka sa hannu a kan dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman, wadda ta tanadar musu ilimi kyauta har sakandare da kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati. Amma doka ba ta zuwa gida ta ɗauki yaro. Gurbin aiki na wanda ya iya aikin ne, kuma aikin ofis a yau da kwamfuta ake yin sa.

Ga abin da nake nema. Ɗakin kwamfutar da ƙungiya ta buɗe wa matasa, a sa NVDA a kan kwamfutocinsa, tunda ba kuɗi za a biya ba. A sayi abin sauraro na kunne guda kaɗan, wanda yara ke kira iyafis. A ware yini biyu a mako. A ɗauki malami makaho ana ba shi alawus, domin shi ya san hanyar, mai gani kuwa da ya gaji sai hannunsa ya koma kan linzamin kwamfuta. Darasin farko shi ne buga rubutu ba tare da kallo ba. Ku shafa harafin F da J a kan allon madannai za ku ji ɗan tudu, haka ma lamba 5 a kan tsohuwar waya. Daga nan yatsu ke gane wurinsu. Kafin a yi komai, a je gidan Sarkin Makafi a zauna da shi da jama'arsa, a kuma tambayi iyaye, domin akwai yara, musamman mata, da ake ɓoyewa a cikin gida saboda kunya ko tsoron abin da zai same su a waje. Waɗanda shekarunsu suka isa makaranta, kwamitin ilimi ya rubuta musu takarda zuwa makarantun musamman, irin ta Tudun Maliki a Kano, ya kuma ɗauki nauyin kuɗin mota.

Kada dattawa su ɗauka maganar wasu ake yi. Binciken da aka gudanar a faɗin ƙasar nan daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa a cikin 'yan shekara 40 zuwa sama, kashi 4.2 cikin ɗari makafi ne, wato sama da mutum miliyan ɗaya, kuma yanar ido ce kan gaba wajen haddasawa, hawan jinin ido na biye. Kashi 84 cikin ɗari na wannan makanta ana iya kauce mata ko a warkar da ita, don haka zuwa awon ido ya zama wajibi ga irinmu. Wanda ganinsa ya ragu kuma, wayar tana iya ƙara masa girman rubutu ko ta karanta masa. Ni yanzu da haka nake bin labarai da dare.

Wancan ɗalibi nawa yana raye, ya yi furfura. Makon jiya na je na same shi a ƙofar gidansa. Ina yin sallama ya ce, “Malam ne?” Na gaya masa abin da zan faɗa a nan, na kuma nemi gafararsa. Ya yi dariya ya ce ai ya daɗe da yafewa, amma in an buɗe ajin a rubuta sunansa da na jikansa mai jansa, shi a ɗakin kwamfuta, yaron a firamare. Sunayen biyu suna cikin takardar nan da zan miƙa wa sakatare, tare da kuɗin abin sauraro guda biyar daga fanshona. Sauran kuma na bar wa shugaban taro ya sa a cikin ajandar zaman yamma.