Jawabi Kan Rayuwar Geoffrey Hinton, Masanin Kwamfuta

 

An nemi in ɗan yi bayani kan wani Bature, Geoffrey Hinton, ɗaya daga cikin waɗanda suka share fagen ilmin nan da ake kira ƙirƙirarriyar basira, wato sa kwamfuta ta gane abu da kanta.

An haife shi a Landan cikin 1947. Bayan ya gama Jami'ar Cambridge ya ɗan taɓa aikin kafinta, sannan ya koma karatu, ya sami digirin dakta a Edinburgh cikin 1978. Ra'ayinsa shi ne a daina jera wa kwamfuta dokoki ɗaya bayan ɗaya. A gina mata wata saƙa mai kama da jijiyoyin ƙwaƙwalwa, a yi ta nuna mata misalai, in ta kuskure a gyara, kamar yadda yaron shago yake koyon bambance atamfa mai kyau da jabu ta yawan gani.

To, yawancin masana na lokacin ba su ɗauki wannan hanya da daraja ba. Kuɗin bincike ya yi masa wuya a Ingila, sai ya tafi Amurka. Cikin 1986 shi da abokan aikinsa biyu suka bayyana yadda irin wannan saƙa take gyara kuskurenta. Cikin 1987 ya koma Toronto ta ƙasar Kanada, kuma cikin dalilansa har da ƙin dogara da kuɗin soja.

Sai cikin 2012, shekara 34 bayan digirinsa, haƙuri ya biya. Shi da ɗalibansa biyu suka ci wata babbar gasar gane hotuna: kuskuren na'urarsu kusan kashi 15 cikin 100, na mai bi musu kuwa 26. Cikin 2013 Google ya sayi ɗan kamfaninsu.

Jama'a, ga inda nake so mu lura. Cikin 2023 ya ajiye aikin Google don ya sami bakin faɗin haɗarin abin da ya taimaka aka gina: labaran ƙarya, rasa ayyukan yi, da na'urar da za ta iya fin ƙarfin masu ita. Cikin 2024 aka ba shi lambar Nobel, bai kuwa fasa gargaɗin ba.

Mu 'yan kasuwa mun san wuyar faɗin aibin kaya ranar da suke ci. Yaranmu masu karatun kwamfuta, ku ɗauki biyun nan tare: naci kan aiki, da faɗin gaskiya game da shi.