ECOWAS: Yadda Ake Yanke Shawarar da Ke Iske Mu Har Cikin Ɗaki

 

Yau hirarmu a kan wata ƙungiya ce da muke yawan jin sunanta a labarun rediyo, wato ECOWAS, wadda 'yan'uwanmu na Nijar suke kira CEDEAO. Na san wata za ta ce, "To ni da nake cikin kulle, ina ruwana da taron shugabanni?" Uwargida, da ruwanki. Ki tuna damina ta 2023, lokacin da aka rufe iyakar Nijeriya da Nijar. Motocin albasa suka yi cirko-cirko a bakin iyaka har kaya suka ruɓe. Masu sana'ar cikin gida suka ga kayan da ake saro musu sun yi tsada. Wata an yi rasuwa a danginta a Maraɗi ko Ƙonni, ba ta sami zuwa gaisuwa ba. A ɗakin taro aka yanke wannan shawara a Abuja, amma a tukunyarmu ta sauka. Don haka ya kamata mu san yadda ake yanke ta.

An kafa ECOWAS a Legas ranar 28 ga watan Mayu, 1975, da ƙasashe 15 na Afirka ta Yamma. Janar Yakubu Gowon na Nijeriya da Shugaba Eyadema na Togo su ne suka fi ɗawainiyar kafa ta. Manufar ita ce a sauƙaƙa ciniki da zirga-zirga tsakanin maƙwabta, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A 1979 aka amince cewa ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar yana iya shiga wata ya zauna kwana 90 ba tare da biza ba.

To yaya shawara take tafiya? Ku ɗauke ta kamar babban gida mai sassa da yawa. Da farko akwai hukumar gudanarwa, wadda hedkwatarta take Abuja. Ma'aikatanta su ne suke nazari, su rubuta abin da suke ganin ya dace. Daga nan sai a miƙa wa majalisar ministoci, su duba, su gyara. A ƙarshe sai maganar ta je gaban taron shugabannin ƙasashe, waɗanda suke zama sau biyu a shekara, sai fa in wani abu na gaggawa ya taso. Su ne masu magana ta ƙarshe. Bisa al'ada ba a cika ɗaga hannu a ƙirga ba. Ana ta tattaunawa ne har bakin kowa ya zo ɗaya. Shi ya sa wani abin yake daɗewa. Kuɗin bai-ɗaya da ake kira Eko, an sha sa masa rana ana ɗagawa.

Akwai kuma majalisar dokoki ta ƙungiyar. Lokacin da ƙasashen suke 15, kujerunta 115 ne, Nijeriya tana da 35 saboda yawan jama'arta. Ba mu muke zaɓen waɗannan wakilai kai tsaye ba. Daga cikin 'yan majalisun ƙasashe ake tura su, kuma yawancin aikinsu ba da shawara ne. Kuɗin tafiyar da ƙungiyar kuwa, daga wani ɗan haraji yake fitowa, rabin kashi ɗaya cikin ɗari, a kan kayan da aka shigo da su daga wajen yankin. Kun ga ashe duk wadda ta sayi atamfa ko kwanon da aka yo odarsa daga Sin, ta sa nata a cikin asusun. Ke nan muna da hakkin mu tambaya.

Yanzu ga ɓangaren da na fi so ku riƙe, wato kotun ECOWAS. Tun 2005 aka ba talaka dama ya kai ƙarar gwamnati a wannan kotu in an tauye masa hakki, ba sai ya gama zaga kotunan ƙasarsa ba. Wata baiwar Allah daga yankin Ƙonni, Hadijatu Mani, an sayar da ita tana 'yar shekara 12 a 1996, ta yi shekaru tana bauta. Da ta sami kanta ta yi auren son ranta, sai aka ɗaure ta a kan wai ta yi aure kan aure. Ta kai kukanta kotun ECOWAS. Ranar 27 ga Oktoba, 2008, kotun ta ce gwamnatin Nijar ta gaza kare ta daga bauta, ta umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10. Gwamnati ta karɓi hukuncin, ta biya. Mace ce 'yar ƙauye, ba ta yi boko ba, amma ta tsaya gaban alƙalai aka share mata hawaye.

Sai dai kada in ɓoye muku rauninta. Ƙungiyar ba ta da 'yan sandan da za su tilasta wa wata ƙasa bin abin da aka yanke. A watan Agusta na 2019 Nijeriya da kanta ta rufe iyakokinta don hana fasa-ƙwaurin shinkafa, ba ta fara buɗewa ba sai Disamba 2020, duk da yarjejeniyar da ta sa wa hannu.

Mu koma kan 2023. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka hamɓarar da Shugaba Bazoum a Yamai. Ranar 30 ga wata shugabannin ECOWAS suka zauna a Abuja ƙarƙashin Shugaba Tinubu. Suka rufe iyakoki, suka dakatar da ciniki, suka ba sojojin wa'adin kwana bakwai, har da barazanar amfani da ƙarfi. Nijeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba Nijar. Hujjarsu ita ce ƙungiyar tana da doka tun 2001 da ta haramta karɓar mulki da bindiga. Amma jama'a a Sakkwato, Katsina, Kano da sauran wurare suka ce ba za a yi yaƙi da dangi ba. Majalisar dattawan Nijeriya ta ƙi goyon bayan tura soja. Sarkin Musulmi da Janar Abdussalami Abubakar suka je Yamai, malamai ma suka je. Ba a yi yaƙin ba, kuma ranar 24 ga Fabrairu, 2024, aka janye takunkumin. Darasin a nan shi ne, muryar jama'a tana isa ɗakin taro in ta yi yawa.

Duk da haka zumuncin ya sami tabo. Nijar, Mali da Burkina Faso suka kafa nasu ƙawancen mai suna AES a 2023, kuma ficewarsu daga ECOWAS ta tabbata ranar 29 ga Janairu, 2025. Ƙasashe 12 suka rage. Ƙofar kotun nan kuwa ta ƙasashen da suke ciki ce; ku duba irin abin da mace kamar Hadijatu take iya rasawa.

To 'yan'uwa, me za mu yi daga cikin ɗakunanmu? In an fara labarai, kada mu rage muryar rediyo mu ce wannan na maza ne. Mu saurara, abin da ba mu gane ba mu tambayi maigida ko yaran da suke makaranta. In tafiyar biki ko gaisuwa ta kama zuwa ƙetaren iyaka, a binciki halin da hanya take ciki, a riƙe katin shaida. In lokacin zaɓe ya zo aka turo mata gida-gida neman ƙuri'a, ban da sabulu da turmin atamfa, mu tambaye su: wanda kuke yi wa yaƙin nan, me zai ce a kan iyaka da tsadar abinci? Domin wanda muka zaɓa shi ne zai je ya zauna a can da sunanmu.

A nan za mu dakata. Allah ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, ya bar zumunci. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.