Lamba Ɗaya, Riguna Uku

(Jawabin da aka gabatar wa ɗalibai da matasan ma'aikata a wani zaure a GRA, Katsina)



Kowa a nan ya san lambar ɗan ƙasa, watau NIN, da ta banki, watau BVN, kowacce mai alƙaluma 11. To, kwamfuta ma tana da tata lambar shaida, UUID, wadda ake liƙa wa kowane bayani domin kada a rikita shi da wani. Kamfanin Apollo na Amurka ya soma amfani da ita cikin shekarun 1980, aka tsara ƙa'idarta a 2005, aka sabunta a 2024.

Lambar nan tsawonta bit 128 ne, amma riguna uku take sakawa. Ta farko ita ce ƙidayar goma sha shida, inda bayan 9 ake ci gaba da a har zuwa f, har ff ya zama 255. A nan gurbi 32 take ci. Ta biyu ƙidayarmu ce ta makaranta, inda takan kai alƙaluma 39. Ta uku kuwa bayit 16, yadda na'ura ke adana ta. Harshen Python, tun 2006, yana sauya mata riga da kalmomi uku, hex da int da bytes, yana kuma mayar da ita yadda take ba tare da ta ragu ba.

Matsalar tana ga mazubin da aka juye ta. Excel ba ya riƙe fiye da alƙaluma 15. Sauran sai ya mai da su sifili, shiru ba gargaɗi. Lambar JavaScript ta yau da kullum kuwa ba ta da tabbas bayan 9007199254740991. Ke nan shaidar da aka gutsure ba za ta sake komawa ga mai ita ba, ko ɗan fansho ne ko ɗalibi mai jiran sakamako. Duk wanda ya taɓa ganin sifilin farkon lambar waya ya ɓace a Excel ya ga ƙaramin misalin wannan.

Saboda haka ina roƙonku, ranar da aka ɗora muku rajistar ma'aikata ko ta ɗalibai, ku tuna cewa lambar shaida suna ce, ba a tara ta, ba a ɗebe ta. Ku adana ta a matsayin rubutu. Idan kuma lalle sai an sauya mata riga, ku mayar da ita rigarta ta asali, ku gwada da ta farko, kafin ku sa hannu.

Allah ya ba mu ikon riƙon amana.