Idan Kuɗin Jiha Ya Gaza, Ina Wuƙa Za Ta Fara Sauka?



An nemi in yi magana kan daidaita kasafin kuɗin jiha ta hanyar rage kashe kuɗi. Ni dai ba ni da ja da ragi. Tun da aka cire Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato ranar 27 ga Agusta 1991, kason da ke zuwa daga Abuja ne ke ɗauke da yawancin hidimarmu, shi kuwa kason farashin ɗanyen mai yake bi. A tsakiyar 2014 ganga ta haura dala 100, zuwa Janairun 2016 ta faɗo ƙasa da 30, jihohi da dama suka kasa biyan albashi har sai da gwamnatin Buhari ta ba su rancen ceto. A 2020 korona ta zo, gwamnatin tarayya ta sauke ƙiyasin ganga daga dala 57 zuwa 28, jihohi har da tamu suka sake zama suka zaftare kasafinsu. A daminar shekarar ne kuma ambaliya ta cinye shinkafar fadamunmu. Wanda ya ga wannan ba zai ce ragi haramun ne ba. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Damuwata ita ce inda wuƙar ke sauka. Bashi tun daga Abuja ake cire shi, kafin kason ya iso Birnin Kebbi. Albashi kuwa yana da ƙungiyar ƙwadago a bayansa. Sai a waiwayi abin da ba shi da bakin magana: kuɗin gudanar da makaranta, maganin asibitin ƙauye, hanyar da aka fara ba a gama ba. Ku shiga irin wannan asibitin. Ma'aikaciya tana zaune, an biya ta albashinta, amma kantar magani wayam, firjin rigakafi ya mutu, janareta ba mai. Sai ta rubuta wa mai naƙuda takarda, mijin ya hau babur cikin dare neman safar hannu da ruwan ƙari a kemis. A takarda kasafi ya daidaita, alhali giɓin bai tafi ko'ina ba, aljihun wannan bawan Allah aka mayar da shi.

Akwai ragin da asara ce tsantsa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce sai jiha ta ajiye nata kason kafin hukumar UBEC ta ba ta kwatankwacinsa. Jihar da ta riƙe naira ɗaya a nan, biyu 'ya'yanta suka rasa. Haka gadar da aka bari a rabi: damina biyu ta wanke aikin, ɗan kwangila ya dawo da sabon farashi.

Manomin albasa na Aliero ya fi mu sanin wannan ilimi. In kuɗi ya yanke masa, ba ya rage iri, ba ya hana injin ban-ruwa fetur, don ya san daga nan buhun da zai kai kasuwa zai fito. Sabuwar riga yake fasa ɗinkawa, ya ɗage sayen babur.

Rigar gwamnati sananniya ce: jerin gwanon motoci, tafiye-tafiye da alawus ɗinsu, tarukan bita a otal-otal na Abuja da Kaduna, mataimaka na musamman da ko kujerar zama ba su da ita, da sunayen bogi a takardar albashi, waɗanda tantancewa da lambar BVN ke tona asirinsu. Daga nan ya kamata a fara, kuma mai mulki ya fara da ofishinsa kafin ya nemi malamin firamare ya yi haƙuri. Sannan a daina rubuta kuɗin shigar da kowa ya san ba za su zo ba. Kasafin da aka kumbura a Disamba shi ake yankewa a ɓoye a watan Yuli, ba tare da majalisa ta ce uffan ba.

Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, nairar da jihohi ke karɓa ta ƙaru sosai, kodayake tsadar kaya ta ci rabonta, ga kuma sabon mafi ƙarancin albashi na 2024 da ya ƙara nauyi. Yanzu da akwai ɗan sarari ne lokacin rage almubazzaranci da yin ajiya.

Sashe na 121 na kundin tsarin mulki ya wajabta wa gwamna ya kai kasafi gaban majalisar dokokin jiha, kuma yau ana sa shi a intanet. Ɗaliban jami'ar Aliero da na kwalejin kiwon lafiya ta Jega, ina roƙonku ku sauke shi, ku duba abin da aka ware wa ƙaramar hukumarku da abin da aka saki, ku karanta wa iyayenku da Hausa, sannan ku tambayi ɗan majalisarku. Allah Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci.